Duƙushina yana ci amma kullum ramewa yake, me ke damunsa?

Sadiƙu Mai Danda:
Assalamu alaikum yan uwa ma'abota dawaki, dan Allah shawara nake nema kuma raina a ɓace yake wlh. Akwai duƙushi danda da na saya a kasuwar Maigatari kafin babbar sallah, wanda ya sayar min yace shekararsa uku, lokacin jikinsa ba laifi duk da ba wani cika yayi ba. To yau kusan wata biyu kenan kullum ƙara zubewa yake, haƙarƙarinsa duk sun fito ana ƙirgawa daga nesa, ƙugunsa ya tsaya, gashin jikinsa ya daina sheƙi ya zama wani busasshe, amma cikinsa kuma ya ɗan yi tulu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yana ci, dusa da dawa baya bari ko kaɗan, ruwa ma yana sha. An masa allurar tsutsa, an masa ta ƙarin jini, an bashi kanwa, ba canji. Wani lokaci yana ɗan tari da safe. Wanda ya taɓa ganin irin haka ya taimaka min dan girman Allah.

Habu Kilisa:
Wa alaikumus salam. Allah ya bashi lafiya. Ni dai a ganina sammore ne, ka samu Berenil a masa kawai, mu haka muke wa shanu in sun fara irin wannan ramar kuma ana dacewa

Nura Folo:
Habu dan Allah kar ka sa mutum ya kashe dokinsa. Doki ba saniya bane, Berenil ɗin nan yana iya taɓa ƙwaƙwalwar doki in aka kuskure awo, ka ga yana tangaɗi ya faɗi shikenan. Ba a yinsa sai likita ya ga dalili.

Baba Ɗan Barga:
Sadiƙu ɗana sannu da jinya. Tambaya zan maka kafin kowa ya rubuta maka magani. Ciyawa nawa yake samu a wuni, kuma harawa fa, ta wake ko ta gyaɗa kake bashi? Don naji ka ambaci dusa da dawa sau ɗaya baka ambaci ciyawa ba. Sannan a ƙasa ake zuba masa ko a komi? Kuma an hau shi a hawan sallah ko ba a hau ba?

Sadiƙu Mai Danda:
Baba ranka ya daɗe, gaskiya harawa tayi tsada yanzu da damina kuma wadda ake samu tsohuwa ce, to yaron da ke kula da shi yana yanko ɗanyar ciyawa dami ɗaya safe ɗaya yamma, sai mu cika da dusa sosai don ya ƙoshi. A ƙasa ake zuba ciyawar gindin turke. Hawa kuma ƙanena ya hau shi ranar sallah da hawan Nassarawa, bayan nan ma ana ɗan fita kilisa da shi

Alhaji Mamman Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu in doki ya taho daga daji ya shiga birni sai ya yi wannan ramar, can shina kiwo dare da rana bakinshi na ƙasa, nan kuma an ɗaure shi ga turke ana jira sai lokaci ya yi a ba shi. Canjin wuri da canjin ruwa ma kaɗai na sa su zubewa. Amma wata biyu ya yi yawa, akwai wani abu ciki bayan wannan.

Sani Ingarma:
Ni fa kar ku manta da baki. Doki mai kyau an fita da shi ranar sallah kowa ya gani, ai dole a yi masa hayaƙi da tofi. Ba komai ne na asibiti ba

Dakta Auwal:
Wa alaikumus salam Malam Sadiƙu, Allah ya sawwaƙe. Malam Sani addu'a ba wanda zai hana, a yi ta, amma a haɗa da bincike. Bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Doki in yana ramewa abu ɗaya ne cikin uku yawanci, ko dai abincin baya isarsa ko bai dace da shi ba, ko yana ci amma jikin baya amfana saboda haƙori ko tsutsa ko ciwon hanji, ko kuma akwai wata cuta a jini ko a wani sashe na jiki da ke cinye abin da ya ci. Matsalar mu a nan ita ce muna tsallake na farko da na biyu mu tafi kai tsaye wajen allura, yau wannan gobe waccan, kuɗin da aka kashe a allurai ya fi na gwajin kashi da jini nesa ba kusa ba.

Abin da nake so ka min yau, ka ɗaga leɓensa na sama ka ɗauki hoton haƙoran gaba da dasashi da rana a waje ba cikin ɗaki ba. Ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba launin ciki, ja-ja ne mai kyau ko ya yi fari ko ya yi ɗorawa. Ka duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi ko akwai kaska. In kana da abin auna zafi ka saka masa ta dubura safe da yamma, na lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 zuwa 38.5 ne. Sannan ka faɗa min sunan allurar tsutsar da aka masa da wanda ya auna yawanta.

Sadiƙu Mai Danda:
Na gode Dakta Allah ya saka. Na tura hotunan. Dasashin gaskiya ya yi fari-fari ba kamar na ɗaya dokin maƙocina ba da na je na gwada dubawa. Kaska mun cire guda shida ƙarƙashin wutsiya, yaron yace dama yana cirewa lokaci lokaci bai ɗauka wani abu bane. Allurar ibamektin ce irin ta shanu, mai shagon magani ne ya zo ya yi masa a wuya, awo kuma da ido ya ƙiyasta. Zafin jiki da yamma 38.9

Baba Ɗan Barga:
Na ga hoton nan. Ɗana wannan dokin bai kai shekara uku ba ko kusa. Duba haƙoran gaban nan duk na nono ne, ƙanana farare masu wuya a gindi, ko ɗaya bai fashe ba. Doki yana zubar da biyun tsakiya ne yana shekara biyu da rabi, na gefensu uku da rabi, na ƙarshe huɗu da rabi. Wannan in ya yi yawa shekara biyu ce, ni a idona ma bai cika ba. An ɗora masa sirdi da babban mutum da kayan hawa ranar sallah cikin rana da taro, yaro ne fa, ƙashinsa bai gama ƙwari ba.

Dakta Auwal:
Baba ya riga ni, haka yake. Kuma wannan shekarun ya canza lissafin gaba ɗaya. Duƙushi ƙasa da shekara biyu, ga tulun ciki, ga busasshen gashi, ga tarin safe, abin da ya fara zuwa min rai macijin ciki ne, wato doguwar farar tsutsar nan ta ƙananan dawaki da ke kai tsawon santimita 30 har 40. Ƙwanta yana daɗewa a ƙasar barga shekaru bai mutu ba, duƙushi ya haɗiye shi da ciyawar da aka zuba a ƙasa, ƴaƴan su bi ta hanta su wuce huhu, shi ya sa ake jin tari da ɗan majina, daga nan su dawo hanji su girma su riƙa raba abinci da shi. Manyan dawaki jikinsu ya saba yana kare kansa, ƙanana ne take kayarwa.

Habu Kilisa:
To amma Dakta ai yace an yi allurar tsutsa, kuma ibamektin ai ita ce uwar magungunan tsutsa, har kaska tana kashewa. Ni ban yarda tsutsa bace, da tsutsa ce da ta fita

Ummi Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Yaya Habu ba kowace tsutsa ibamektin ke kashewa yanzu ba. Ita wannan macijin cikin ta duƙusai an daɗe da gano tana jure ibamektin a ƙasashe da yawa, sai a ba doki a ga kamar an yi magani alhali tana nan daram. Tsila ma ibamektin bata taɓa ta, ita sai irin su firazikwantel. Kuma wadda aka masa ta shanu ce ta allura, dawaki ta baki ake basu irin mai kama da man goge baki, yin ta allura a tsokar doki yana jawo kumburi mai haɗari a wurin, wani har ruɓewa yake. Ga awo da ido, in aka ba da ƙasa da kima ai koya wa tsutsar juriya ake yi

Habu Kilisa:
Toh malama Ummi mun ji, amma mu da muka taso muna gani ana yi ba abin da ya faru

Nura Folo:
Habu wanda abin ya faru da dokinsa ba lallai ya zo nan ya faɗa ba. Ni na ga wuyan doki ya kumbura ya yi ruwa bayan irin wannan allurar, sai da aka tsaga, wata da watanni ana wanki.

Sani Ingarma:
Ni shawarar da zan bayar in ana so ya ciko da wuri, a samu abincin kajin gidan gona na masu nama a riƙa haɗa masa da dusa, sannan a masa deksa. Wani abokina haka yake wa ragunan layya sati uku ka gansu sun murje

Dakta Auwal:
Innalillahi. Malam Sani dan Allah ka goge wannan kar wani ya karanta ya aikata. Abincin kaji da yawa ana saka masa maganin kare kaji daga ciwon hanji irin su monensin, kaza bata jin komai amma doki ɗan kaɗan ya ishe shi ya lalata masa tsokar zuciya, wani ya mutu cikin kwana ɗaya biyu, wanda ya tsira kuma zuciyar bata komawa daidai. Ko buhun da aka zuba abincin kaji ban so a zuba na doki a ciki. Deksa kuma ba maganin ƙiba bace, tana danne garkuwar jiki ne, in akwai cuta a jininsa kamar yadda nake zargi to ka buɗe mata ƙofa, ga haɗarin ciwon kofato da ke gurgunta doki.

Admin:
An goge saƙon. Jama'a duk wanda ba shi da tabbas a kan magani ya tambaya kafin ya rubuta.

Baba Ɗan Barga:
Dakta ni kuma bari in ce wani abu kan na gargajiya don kar yara su ɗauka duk shirme ne. Mu a barga da muka taso, ana jiƙa sassaƙen maɗaci a ba doki don tsutsa, ana ba da kanwa lokaci lokaci ba kullum ba, kuma abu mafi girma shi ne shara. Ɗan barga da asuba yake kwashe kashi tas ya kai nesa, a zuba sabon yashi, a goge doki da hannu tun daga kunne har kofato, to ta ina kaska zata kwana shida a jikinsa ba a gani ba. Yanzu an bar wannan an koma sirinji.

Dakta Auwal:
Baba wallahi maganar shara da goge jiki ko a makaranta abin da aka koya mana kenan, ba abin da zan ƙara. Maɗaci ban raina shi ba, damuwata kawai ba mu da awonsa, jiƙon yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, kuma dokin da jininsa ya yi ƙasa haka ban so a gwada masa abin da ba a san iyakarsa ba. Kanwa kuma bata kashe tsutsa, in ta yi yawa ma zawo take sawa, gara a ajiye masa gishiri ya lasa da kansa.

Malam Sadiƙu ga abin da zaka yi. Gobe da safe in ya yi kashi ka ɗebi curi biyu uku daga sama wanda bai taɓa ƙasa ba, ka ƙulle a leda ka matse iskar, ka sa a wuri mai sanyi amma kar ya daskare, ya isa ɗakin gwaji a ranar. Ka samu likitan dabbobi na gaske ya zo ya ɗebi jini, a duba yawan jinin a kuma shafa a gilashi a duba ƙwayoyin cutar kaska da na sammore. Asibitin dabbobi na gwamnati a Kano zasu iya, in kuma ana son zurfin bincike akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, na sammore kuma akwai cibiyarsu a Kaduna. Likitan ya saka hannu ya duba turamen haƙoransa na ciki ma, don hoton gaba baya nuna su.

Wani gwajin kuma kai da kanka zaka yi a gida, ka zuba kashin a farar roba ko leda ka cika da ruwa ka dama ka rataye, in akwai yashi zaka ga ya kwanta a ƙasa. Dokin da ke cin abinci a kan rairayi yana tara yashi a hanji a hankali, yana sa rama da zawo da ciwon ciki.

Alhaji Mamman Damagaram:
Likita ina da tambaya. Kun ce sammore, to ai mu nan arewa babu ƙudan tsando, sai can kudu wajen kurmi da bakin gulabe. Ta yaya dokin da bai wuce Kano ba za shi kamu?

Dakta Auwal:
Alhaji tambaya mai kyau. Akwai irin da baya buƙatar tsando, shi ne wanda ke damun raƙuma, ƙudaje masu cizo irin su bobuwa ne ke ɗauka a bakinsu daga wannan dabba zuwa waccan, kuma da damina suke yawa. Dokin da ya tsaya a kasuwa kusa da raƙuma ko ya sha ruwa mashaya ɗaya da su zai iya samu. Alamarsa zazzaɓi mai zuwa ya tafi, rama, kumburin ƙafafu da ƙasan ciki, daga baya ƙafafun baya su yi rauni. Shi ya sa nace a duba, ba wai na ce shi bane.

Nura Folo:
Ni kuma abin da ya tsaya min a rai maganar abincin ce, don ko an kashe tsutsa duk in aka ci gaba da wannan ciyarwar ba zai ciko ba. Doki cikinsa ƙarami ne kuma ruwan tsamin cikinsa baya tsayawa dare da rana ko ya ci ko bai ci ba, an halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kusan duk wuni. In ka bashi dami ɗaya da safe ya cinye cikin awa ɗaya sannan ya tsaya haka har la'asar sai dawa da dusa, gyambon ciki kake nema masa. Mu a wajen folo mun sha gani, doki ya fara cin hatsi ya bari ya koma ya dawo, yana cizon haƙora, yana jin haushin a ɗaure masa majayi. Kuma ɗanyar ciyawar damina yawancinta ruwa ne, dami biyun nan in ka shanya su zaka sha mamakin abin da zai rage.

Ummi Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Ƙari a kan maganar Yaya Nura, dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, hatsi ma haka. In duƙushi mai girma ya dogara da su sai jiki ya fara zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura kai ya yi girma, haƙora su yi girgiɗi, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Harawar wake da ta gyaɗa su ke gyara wannan don suna da kalsiyam da furotin. Yaya Sadiƙu ka shafa ƙashin hancinsa ta gefe biyu da muƙamuƙi ka ji ko sun yi kauri

Sadiƙu Mai Danda:
Na shafa ban ji wani kumburi ba alhamdulillah. To amma nawa ya kamata ya ci a wuni, ku faɗa min a awo yadda zan gane, kuma ni ban da sikelin da zai ɗauki doki

Dakta Auwal:
Tef ɗin tela ya isa. Ka auna zagayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama a santimita, ka auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Zagayen sau kansa, sau tsawon, a raba da 11,880, abin da ya fito kusan nauyinsa kenan a kilo. Ba daidai cif bane musamman ga duƙushi amma ya fi ido nesa. Busasshiyar ciyawa da harawa yana buƙatar kamar kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a wuni, a raba masa ta yadda ba zai daɗe baki ba komai ba, har da dare. Hatsi kuma kar ya wuce kamar rabin kilo ga kowane kilo ɗari na jikinsa a ci ɗaya. Kuma kar ka ce zaka rama masa a kwana biyu, canjin abinci a hankali ake yi cikin kwana goma zuwa sati biyu, in ka tula masa dawa lokaci ɗaya ciwon ciki da ciwon kofato ne zasu biyo. Tsohuwar harawa in ta yi baƙi ko tana warin fumfuna a zubar, tana lalata hanta.

Sadiƙu Mai Danda:
Zagaye 150, tsawo 140. Na buga ya bani 265. Kenan kilo biyar da ɗoriya na busasshiya a wuni, wlh abin da yake samu bai kai rabin haka ba in aka cire ruwan ciki. Gwajin yashin ma na yi, ya kwanta a ƙasan ledar ana gani sosai. Na sa an yanka rabin duro an masa komi

Baba Ɗan Barga:
Madalla. Ka lanƙwasa bakin duron ko ka sa tsohuwar taya a kai kar ya yanke shi. Kuma a sauke masa sirdi kwata-kwata, ko kilisa a ja shi da ragama kawai da sanyin safiya.

Sadiƙu Mai Danda:
Salam jama'a sakamako ya fito. Likitan da ya zo yace kashin cike yake da ƙwan macijin ciki da na wasu ƙananan tsutsotsi, jininsa ya yi ƙasa yace jajayen ƙwayoyin jinin kashi 24 ne cikin ɗari, kuma sun ga ƙwayar cutar kaska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, sammore basu gani ba. Turamen haƙoransa akwai ɗan kaifi ta gefe da ya fara goge kumatu ya goge masa. Ya fara bashi maganin tsutsa fenbendazol ta baki yace na kaskar sai ya ɗan farfaɗo tukuna. Ni dai hankalina bai kwanta da jiran ba, ba gara a haɗa duka a gama ba?

Habu Kilisa:
Nima abin da na gani kenan, cuta biyu an gani a bar ɗaya tana ci gaba da cin jini? Kuma me yasa ba za a bashi mai ƙarfi da zai fitar da tsutsar rana ɗaya ba

Dakta Auwal:
Likitanka ya san aikinsa, ka bi shi, shi ya ga dokin da ido ni hoto na gani. Habu mai ƙarfin nan shi ne abin tsoro. In hanjin duƙushi ya cika da manyan tsutsotsi ka basu maganin da zai shanye su lokaci ɗaya, sai su dunƙule su toshe hanjin, wani har ya fashe, kuma aikin tiyatar cikin doki ba ko'ina ake yi ba a ƙasar nan. Fenbendazol a hankali yake kashe su shi ya sa ake farawa da shi. Duk da haka kwana biyun farko ka sa ido, in ka ga yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi ko birgima, ko kashi ya tsaya, ka kira likitan ko tsakar dare ne.

Na kaskar kuma iri biyu ne, akwai Babesiya akwai Taileriya, ta biyun ta fi taurin kai. Dawaki da yawa a yankinmu suna ɗauke da ita a jini suna harkarsu lafiya, sai an wahalar da doki ko yunwa da tsutsa sun raunana shi take tasowa, ina kyautata zaton abin da ya faru da naka kenan bayan hawan sallah. Maganinta imidokab yana da nauyi, yana sa ciwon ciki da dalalar miyau da zawo, yana kuma taɓa hanta da ƙoda, shi ya sa likita ke fara ba da wata allurar kafin ita ya kuma tsaya ya ga yadda dokin zai yi. Ba a haɗa wannan da ranar da tsutsa ke mutuwa a hanji. Amma in zafin jikinsa ya haura 39.5, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya yi ja ko baƙi, ko ya daina ci, to jira ya ƙare a sanar da likitan nan take. Rashin ganin sammore a gilashi sau ɗaya kuma baya nufin babu, in zazzaɓi ya ci gaba da zuwa yana tafiya a sake ɗiban jini daidai lokacin da jikin ke da zafi.

Alhaji Mamman Damagaram:
Allah shi ƙara sani likita. Ni abin da na ɗauka nan, duk dokin da munka sawo kasuwa a ware shi daban tukuna a duba kashi da jini kahin a haɗa shi da na gida. Ina da goɗiya da ɗanta wata biyar, shi ma ya kamata in ba shi na tsutsa yanzu ko sai ya yaye?

Ummi Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Baba Alhaji bai kamata a jira yaye ba, tun yana wata biyu zuwa uku ake fara basu na macijin ciki, wata biyar ma ya wuce lokacin farko. A auna nauyinsa a bashi fenbendazol ɗin amma a tuntuɓi likitan wajenku tunda ba a taɓa bashi ba kuma ana iya samun sun taru

Sadiƙu Mai Danda:
Jama'a wlh yau da safe na ga abin da ban taɓa gani ba, farare dogaye a cikin kashinsa wasu sun fi tafin hannuna tsawo, yaron ma sai da ya tsorata. Bai nuna ciwon ciki ba alhamdulillah yana cin harawarsa, na samu sabuwar ta wake wajen wani manomi a hanyar Dawakin Tofa. Zafin jiki 38.4. Ƙanena yana tambaya wai zuwa ƙaramar sallah za a iya hawansa?

Baba Ɗan Barga:
Ka gaya wa ƙanenka ya nemi aron wani. Wannan sai ya zubar da haƙoran tsakiya sabbi sun fito sun daidaita, ya cika uku, sannan a fara masa da ɗan yaro mara nauyi. Kashin nan kuma kar a zuba shi a gonar da ake yanko masa ciyawa, a haƙa rami a binne ko a ƙone, a kankare ƙasar gindin turken a canza masa wuri.

Sani Ingarma:
Allah ya ƙara sauƙi. Dakta ni ma nawa zan kawo kashinsa a duba, shekara biyu ina masa ibamektin duk wata uku ban taɓa gwaji ba

Dakta Auwal:
Ka kai Malam Sani, kuma ka kai kafin ka sake bashi wani magani ba bayan ba. Malam Sadiƙu kai kuma ka rubuta ranar da aka gama fenbendazol ɗin, bayan kwana 14 a sake kai kashi a ƙirga ƙwai a gani ko maganin ya ci, don ƙananan tsutsotsin nan da aka gani tare da macijin cikin su kuma sun fi jure fenbendazol, mai yiwuwa sai an biyo su da wani daban ta baki. Tef ɗin ma duk sati biyu ka auna ƙirjin a wuri ɗaya da safe kafin ya ci ka turo mana lambar, kar ka sa ran ganin canji da ido kafin wata ɗaya zuwa biyu.